Kacar Keke: A Wanke Kafin A Sa Mai

Zancenmu na wannan wata a kan kacar keke ne, domin na ga abin da ya dame ni a nan zangon Kumasi. Ran nan wani yaron kanti ya ɗauko kaya daga kasuwar Kejetia, yana hawan tudu, ya miƙe ya danna feda, sai kaca ta zame daga haƙoranta, yaro da kaya duk suka zube a kwalta. Da na duba keken, kacar ta yi baƙi ƙirin, mai da ƙasa sun daskare a kanta.

Dattawa sun tuna Raleigh na da, wanda kacarsa ke cikin gidanta na ƙarfe, ƙura ba ta samunta. To, kekunan hawan dutse masu giya, waɗanda suka cika gari yanzu, tasu a waje take, kusa da ƙasa. Hunturu ya ba ta ƙura, damina ta ba ta laka. In aka kwarara mata baƙin mai a kan wannan datti, sai ya kwashi yashi ya kai shi cikin gaɓoɓi, ya yi ta cin ƙarfen kamar dutsen wāshi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga yadda ake yi. A sami tsumma da tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir. A goge kaca ana juya feda baya, a sosa haƙoran giya da ƙananan ƙafafun nan biyu na baya, sa'an nan a bar ta ta bushe sarai. Kana a ɗiga mai, ɗigo guda a kan kowace gaɓa, a juya feda domin ya shiga ciki, a jira kaɗan, a share na waje da tsumma. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje kuwa ƙura kawai yake tarawa. Da hunturu a yi amfani da mai marar kauri, irin na keken ɗinki; da damina mai ɗan kauri ya fi, don ruwa ba ya saurin wanke shi. Manja da man gyaɗa na miya ne, a kan kaca danƙo suke zama. A kuma kiyaye kada mai ya taɓa birki, gama birkin da ya sha mai ba ya kamawa.

Akwai kuma awo. Tsakanin kowace ƙusa ta kaca da mai bi mata rabin inci ne, watau in aka fara daga ƙusa guda, ta 24 bayanta za ta faɗa daidai kan inci 12. In ta zarce da kashi 1 cikin 16 na inci, lokacin sabuwa ya yi. In aka bari ta kai kashi 1 cikin 8, lalle ta riga ta cinye haƙoran giya, sai a saye su duka, kuma ɗan kasuwa ya san wanda ya fi tsada.

Iyayen gida, keken da kuka ba yaro jarinku ne, yaron kuwa amana ce a hannunku. Ku sa shi ya wanke kacar kowane mako, ku duba da idonku. Allah ya kiyaye hanya, amin. Sai wata mai zuwa.