Ɗalibi Ya Koyi Ƙa'ida, Kada Ya Dogara da Kamfani

Duk lokacin da mutum ya danna maɓalli a shafin intanet, manhajar da ta buɗe shafin takan kai labarin dannawar ga umarnin da aka rubuta da harshen JavaScript, kamar yadda jijiya take kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Hanyar isar da wannan saƙo ta daɗe tana wahalar da masu gina shafuka.

A shekarar 1997, manhajar Netscape Navigator 4 takan sauko da saƙon daga saman shafi zuwa maɓallin da aka danna, alhali kuwa Internet Explorer 4 ta kamfanin Microsoft daga maɓallin take farawa, ta haura sama. Saboda haka tilas a rubuta umarni iri biyu don aiki guda. Wanda kuwa ya rubuta ɗaya tak, shafinsa yakan ƙi aiki ga wasu masu karatu. A shekarar 2000 ƙungiyar W3C ta fitar da ƙa'idar da ta haɗa hanyoyin biyu, amma sai a 2011 Internet Explorer 9 ta bi ta.

Waɗanda suka gina shafukansu don Internet Explorer kaɗai sun sha wahalar gyara, domin Microsoft ya jingine manhajar a 2022. Don haka ya wajaba malamai su fara koyar da ƙa'idar da kowa ya amince da ita. Ɗalibi kuma ya sa umarninsa ya binciki abin da manhaja take iyawa maimakon ya duba sunanta, sannan ya gwada shafinsa a manhajoji biyu ko uku kafin ya sake shi.