Rigar Alƙali Ba Ta Wanke Kowa

Akwai labarin da masu sha'awar Hugo Black ke son bayarwa, ni kuwa ban gamsu da shi ba. Cewa suke yi ga ɗan jihar Alabama wanda ya yi tuntuɓe a ƙuruciya, ya hau kujerar Kotun Ƙolin Amurka a 1937, ya shafe shekara 34 yana kare raunana, saboda haka a binne abin da ya wuce. Labarin yana da daɗin ji, sai dai an yage masa shafuka.

Ba na musun alherin mutumin. Lokacin da yake mai gabatar da ƙara a gundumar Jefferson, shi ya tona yadda 'yan sandan garin Bessemer ke gana wa tsararru azaba har su amsa laifi. A 1940 ya rubuta hukuncin da ya soke hukuncin kisa a kan baƙar fata huɗu a Florida, waɗanda aka tilasta musu amsa laifi. A 1963, a shari'ar Gideon, ya tabbatar cewa talakan da ake tuhuma da babban laifi dole hukuma ta ba shi lauya. Wannan duk nasa ne.

To, sauran shafukan fa? A 1921 ya tsaya wa wani fasto da ya harbe limamin Katolika a Birmingham, don limamin ya ɗaura wa 'yarsa aure da wani ɗan Puerto Rico. Kare mai laifi aikin lauya ne, ban ga aibu ba. Amma Black ya sa aka rage hasken ɗakin shari'a domin angon ya ƙara duhu a idon masu yanke hukunci, aka kuwa sallami mai kisan. A 1923 ya shiga Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta yi suna wajen ta'addanci a kan baƙar fata, yana da shekara 37. Wace ƙuruciya ke nan? Ya fita a 1925, daidai lokacin da ya fara hangen Majalisar Dattawa, kuma ƙuri'un 'yan ƙungiyar sun taimaka masa ya shiga. A majalisar ma yana cikin waɗanda suka daƙile dokar hana kisan gilla da taron fararen fata ke yi wa baƙaƙe. Da jarida ta fasa ƙwai bayan naɗinsa, ya yi jawabi ta rediyo, ya amsa cewa ya taɓa shiga, amma bai nemi gafarar kowa ba.

Masu wanke shi za su ce duk wannan kafin ya sa riga ne. Sai su duba 1944. Shugaba Roosevelt, wanda ya naɗa shi, ya ba da umarnin da ya kai ga tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu haifaffun Amurka, ba tare da an tuhume su da komai ba. Fred Korematsu ya ƙi bin umarnin, maganar ta kai Kotun Ƙoli. Alƙalai uku suka ce ba su yarda ba. Black ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye da ya goyi bayan gwamnati, shekara huɗu kacal bayan hukuncin Florida.

A 1967 ya faɗa a wata hira cewa ko yau aka dawo da shari'ar, haka zai sake yi. Ya rasu a 1971 a kan wannan ra'ayi. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara, ta biya kowane tsararre da ke raye dala 20,000.