Ƙasa ba ta haihuwa, amma a Dakoro fegi na haihuwar miliyoyi

Kawuna ya sayar da gonarsa ta bakin gari a wata damina da rumbu ya ƙare tun kafin gero ya fidda kai, ga yaro kwance ba lafiya. Dillali ya zo har zaure da kuɗi a leda. Yau shekara bakwai ke nan. Na je wurin kwanan baya: ba gida, ba rijiya, ba ko bukka. Duwatsun siminti ne jere cikin tumfafiya. An ce mini filin ya canza hannu sau uku, kuma mai shi na yanzu yana Yamai, bai taɓa taka shi ba. Shi ko kawu aron gona yake yi.

Wai wannan shi ake kira zuba jari. To, jarin me? Wanda ya sayi tunkiya ya yi kiwo, ya sha wahalar dusa da harawa. Wanda ya buɗe shago ya ɗauki yaro aiki. Mai sayen fili ya ajiye fa, me ya ƙara? Jira kawai yake gari ya matso, a ja ruwan famfo da lantarki da kuɗin talakawa, shi ya kwashe riba. In ɗan kasuwa ya ɓoye gero a sito har sai tiya ta yi tsada, duk mun san sunan da muke kiransa. Don me mai ɓoye ƙasa zai zama "Alhaji mai hangen nesa"?

Ku yi lissafin da kanku. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A yanka ta fegi-fegi na mita 400, ko an cire hanyoyi, sai a samu sama da 15. Manomi ya karɓi kuɗin gona sau ɗaya, ya ci, ya ƙare. Masu takarda su sayar da ita sau 15.

A Dakoro kuma abin ya wuce maganar gidaje. Mu ne ke bakin iyakar noma da kiwo. Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta wajen arewa, kuma nan wajenmu kwarin Tarka kowa ke kallo a matsayin wannan iyaka. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke ce wa COFO. Dokar kiwo ta 2010 ta hana mutum ɗaya ya mallake makiyaya ta zama tasa. Dokoki kam ga su nan, masu kyau. Amma wanda aka sayi gonarsa ba ya ɓacewa. Arewa yake nufa ya sari sabon daji, ko ya ɗan ci gefen burtali. Makiyayi ya sauko da kaka ya iske hanya ta tsuke. Sai a ce "rikicin manoma da makiyaya", alhali wanda ya kunna wutar yana can cikin mota mai sanyi. Jihar Maradi ba ta manta Toda ba, inda a 1991 aka hallaka mutane sama da 100, akasarinsu mata da yara. Mun san inda faɗan ƙasa ke kaiwa.

Za a ce mini: ai ciniki halal ne, ba wanda aka tilasta. Gaskiya ne, ba a sa wa kawuna wuƙa a wuya ba. Yunwa ce ta sa masa. Kuma ba da kai nake ba, ɗan'uwa, kai da ka tara jika-jika shekara biyar don ka samu inda za ka kafa ɗaki. Kai ma cutarka ake yi. Mai fegi 40 da ba ya ginawa shi ya sa naka guda ya gagare ka, kana haya har yau.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ma'aikatar magajin gari ta liƙa jerin duk filayen da aka yanka, da wanda ya samu, inda kowa zai karanta. Kada a sa hannu kan cinikin gona sai COFO ta je ta gani da ido, gaban magada, har da mata, don su ake fara mantawa. Fegin da ya yi shekaru ba gini, a ɗora masa haraji mai nauyi. Burtali da makiyaya a sa musu alama, wanda ya ci a tashe shi, ko wane ne.

Mu kuma matasa, mu daina tura tallar "fegi araha, sayi ka ajiye" a WhatsApp ba tambaya. Kafin ka tura, tambayi dillalin: gonar wa ce, kuma ina mai ita yake noma bana?