Faya-fayan Garmaho: A Kwafe Su Tun Ba Su Farfashe Ba

A watan Nuwamba na 1913 ƙungiyar makaɗan birnin Balin, a ƙarƙashin jagorancin Arthur Nikisch, ta taru a gaban wani babban ƙaho ta kaɗa tsari na biyar daga cikin manyan kaɗe-kaɗen Beethoven. A lokacin ba a amfani da makirufo wajen ɗaukar faifai, domin sai a 1925 aka fara ɗaukar sauti da lantarki. Ƙarfin kiɗan ne kaɗai ke girgiza allura ta yi zane a kan kaki. Da yake fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce minti huɗu zuwa biyar ba, sai da aka yanka kiɗan rabin awa gida takwas, a faifai huɗu. Wanda duk ke son ya ji yadda makaɗan wancan zamani suke, ba shi da wata hanya sai ta waɗannan faya-fayai.

To, abin damuwa shi ne faifan ba mai ƙarko ba ne. Ana yin sa da wani irin ƙaro da ake kira shalak, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a cakuɗa shi da garin dutse. Ya faɗi ya fashe kamar tangaran, zafi ya lanƙwasa shi, allurar ƙarfe kuma tana cin sa duk lokacin da aka ɗora. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ma, da ƙaron ya yi wuya, tattara tsofaffin aka riƙa yi ana niƙewa don a buga sababbi.

Saboda haka ne aikin da ɗakin ajiya na Internet Archive ya ƙaddamar a Amurka a 2017 ya cancanci yabo. An kwafe sauti fiye da 400,000 zuwa kwamfuta. Aikin kuwa ba na ganin dama ba ne: kowane faifai sai an wanke shi, an bi shi da allura huɗu masu kauri daban-daban, domin kamfanonin dā ba su daidaita faɗin zanensu ba, balle saurin juyawa, wanda sunan 78 a minti kawai ya ɗauka.

Amma a watan Agusta na 2023 manyan kamfanonin waƙa, ciki har da Universal da Sony, suka kai ƙara suna neman diyyar ɗaruruwan miliyoyin daloli. An sasanta a Satumba na 2025 ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba. Ba shakka mai abu yana da hakkinsa, kuma faifan da har yanzu ake sayar da waƙarsa a kasuwa bai kamata a raba shi kyauta ba. Sai dai mafi yawan faya-fayan nan babu kamfanin da ya waiwaye su shekaru tamanin ke nan. Dokar da za ta tsorata mai kwafe irin waɗannan, gara da zafi kawai take yi wa aiki.

Kada a ɗauka wannan magana ta Turawa ce kurum. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, aka yi ta sayar da su a nan. Daga baya kuma Decca da HMV suka biyo baya. Ragowar waɗannan suna nan a ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da cikin adakokin tsofaffin gidaje. Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ɗakunan karatu da na tarihi damar kwafe abin da ke hannunsu don adanawa, watau ba doka ce ta ɗaure hannun kowa ba.

Kamata ya yi Ma'aikatun Watsa Labarai na jihohi su fara da ƙidaya: kowane faifai a rubuta lambarsa da kamfaninsa da sunan makaɗinsa, aikin da ɗaliban jami'a za su iya yi a lokacin hutu. Kafin a sami na'urar kwafewa kuwa, a jera su tsaye a wuri mai sanyi, kada a gwada su da tsohuwar allura, kada kuma a goge su da sibirit, domin narkar da ƙaron yake yi.