MU SAN DUNIYA: SU WANE NE TURKAWA?

A wannan wata za mu yi magana a kan Turkawa. Sunansu ya yawaita a bakin mutane. Samari suna kallon fim ɗin Artugurul cikin salula. A kasuwar Agiye za ka ji mai tufafi yana cewa, "Wannan ɗan Turkiyya ne," don ya ƙara kuɗi. Amma kaɗan ne suka san cewa hulɗarmu da su ta girmi kakannin kakanninmu.

Asalin Turkawa makiyaya ne. Daga tsakiyar Asiya suka fito, da dawaki da tumaki da raƙuma, suna bin ciyawa kamar yadda Fulani da Buzaye suke yi a nan. A 1071 suka ci sojan Rumawa a yaƙi, suka shiga ƙasar da ake kira Turkiyya yau. Babban birninta Ankara. Mutanenta sun haura miliyan 85, alhali ƙasar ba ta kai Nijar faɗi ba. Har yanzu suna alfahari da akuyar Ankara mai dogon gashi, kamar yadda muke alfahari da jar akuyar Maraɗi.

Ga wani wuri da mutane ke ruɗewa. Daular Turkawa sunanta Daular Usmaniyya. Ba ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ce. Usmanun Turkawa ɗan Artugurul ne, ya kafa mulkinsa wajen 1299, shekara 500 kafin jihadin Shehu. Jikokinsa suka yi ƙarfi. A 1453 Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin Santambul da manyan igwa, yana da shekara 21. Daga 1517 Makka da Madina suka shiga hannunsu, suka yi kusan shekara 400 a ƙarƙashinsu. Duk alhajin da ya tafi Makka a ƙasa a wancan zamani, ikon Turkawa ya tarar a can.

To, ta ina suka iso mu? Ta arewa. A 1551 suka karɓi Tarabulus, wadda ke ƙasar Libiya yau. Tarabulus kuwa ita ce bakin hanyar ayari. Mai Idirisu Aloma na Barno ya aika manzanni wurin sarkinsu Muradu na Uku. Ya kuma samu Turkawa masu harbin bindiga cikin rundunarsa. Limaminsa, Ahmadu ɗan Fartuwa, shi ya rubuta wannan, shi ya sa muka sani.

A Agadas akwai labarin da kowa ya sani. An ce Abzinawa sun gaji da rigima tsakaninsu, suka je Santambul suka roƙi sarki ya ba su ɗa guda ya mulke su. Aka ba su Yunusa. Shi ne sarkin Abzin na farko, wajen 1405. Labari ne mai daɗi. Sai dai ku duba lissafi: a 1405 Santambul ba ta shiga hannun Turkawa ba tukuna, saura shekara 48. Ni a ganina, labarin yana nuna girman sunan Santambul ne a idon mutanen da. Wanda ke son sarautarsa ta yi kwarjini, can yake jingina ta.

Hanyar ayari ta bi ta ƙofar gidanmu. Tana tasowa Tarabulus, ta bi Gadamas da Gat, ta sauko Abzin da Damargu. Daga nan wani reshe ya yi Damagaram, wani ya yi Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya bar Tarabulus a 1850. A watan Janairu 1851 ya sauka Tasawa, ya wuce ta Gazawa. Gazawa ɗin nan tamu. Ayari yana kawo takarda, da alharini, da turare, da bindigogi, da jar dara. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta wannan hanya, har ya sa maƙera suka ƙera masa igwa.

Amma a faɗi gaskiya duka. Ayarin da ya koma arewa ba fatu da gashin jimina da hauren giwa kaɗai yake ɗauka ba. Yana kora bayi. 'Ya'yan talakawa ne da aka kama a gona ko a bakin rijiya. Da yawa suka mutu da ƙishirwa cikin Sahara. Waɗanda suka kai, aka sayar da su a Murzuk da Tarabulus, wasu har Santambul. Sarkin Turkawa ya hana wannan ciniki a 1857, amma an daɗe ana yi a ɓoye. Fim ba ya nuna wannan.

A yaƙin duniya na farko Turkawa suka bi bayan Jamus. Faransa da Ingila suka kai musu hari a Canakkale a 1915, suka kasa cin su, suka janye. Cikin sojan Faransa akwai baƙaƙen fata da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Da yawansu Musulmi ne, aka sa su harbin Musulmi a ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba. Wutar ta iso nan ma. Kawusan, tare da 'yan Sanusiyya abokan Turkawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Sarkin Abzin Tagama ya goya masa baya. Faransawa suka dawo da ƙarfi, suka kashe mutane har da malamai, suka kwashe dabbobi. Abzinawa da yawa suka gudo kudu. Kawusan ya mutu a Fezzan a 1919. Taimakon Santambul bai zo ba, don ita ma tana ta kanta.

Daular ta faɗi bayan yaƙi. Wani soja, Mustafa Kamal, wanda suka yi wa laƙabi Ataturk, ya kori sojan waje, ya kafa jamhuriya a 1923. A 1924 ya soke halifanci. A 1925 ya hana sa jar dara. Abin dariya, hular da suka yar, har gobe ana sa ta a fadar sarakunanmu.

Ga abin da ya fi shafar mu masu karatun manya. Da can Turkawa da baƙaƙen Larabci suke rubuta harshensu, kamar ajaminmu. Masu iya karatu kaɗan ne. A 1928 Ataturk ya kawo baƙaƙen boko guda 29. Shi da kansa ya zagaya garuruwa da allo da alli yana koya wa mutane. Aka buɗe azuzuwan manya, maza da mata. Yau kusan kowane Baturke yana karatu, kuma yawancinsu Musulmi ne, masallatansu suna nan. Saboda haka mai ce maka boko yana fid da mutum daga addini, ka tambaye shi labarin Turkiyya. Amma a ganina sun yi garaje wuri guda. Sun yar da tsohon rubutu gaba ɗaya. Yanzu jika ba ya iya karanta wasiƙar kakansa sai ya nemi masani. Mu kada mu yi haka. A cibiyarmu, wanda ya zo da ajaminsa ya fi saurin kama boko.

Turkawa sun dawo Nijar, wannan karo ta sama. Sun buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2012. Erdogan, lokacin yana firayim ministansu, ya kawo ziyara a Janairu 2013. Kamfaninsu Summa ya sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani a 2019. A 2022 Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙi da suke ƙerawa, masu suna Bayraktar. Ko amfaninsu zai kai ga ɓarayin shanu da masu satar mutane da suka dami Gidan Rumji, makiyayan can su ne za su ba mu labari.

In akwai tsoho a garinku wanda ya ji labarin ayari ko na yaƙin Kawusan daga bakin iyayensa, ku zauna da shi. Ku rubuta abin da ya faɗa da hannunku, ku ba malamin cibiyarku ya aiko wa jarida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.