Kafin a kai kaskon wuta ɗaki, a fara buɗe adaka

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu da ke tasowa daga Sahara tana ratsa ƙasar Maraɗi, ta biyo ta Ɗan Isa da Magama ta sauka a Jibiya ba tare da wani abin da zai tare ta ba. Da asuba sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, kuma jarirai da tsofaffi ne suka fi jin jiki. Abin da yawancin gidaje suka sani shi ne a zuba garwashi a kasko, a shigar ɗaki, a ja ƙofa. Ra'ayina shi ne wannan dabara ta fi sanyin haɗari, alhali maganin da ya fi ta sauƙi yana jibge cikin adaka da akwati: tsofaffin zannuwa, gwado, bargon da ya sha jiki, da rigunan da yara suka yi wa girma.

Dalilin yana cikin irin gininmu. Katangar tubali mai kauri da rufin soro suna shan zafin rana a hankali, su riƙa sakinsa cikin dare, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da ɗumi da hunturu. Bulon siminti da rufin kwano ba su da wannan hali: da rana ta faɗi kwano ya huce, ɗumin ɗaki ya bi ta sama da bango da kafofin taga ya fice. Tufa ba ta haifar da zafi, amma zarenta yana riƙe iska, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin wucewa da zafi. Abin da bargo yake yi wa jiki shi zai yi wa ɗaki. Ƙasashen da suka fi mu sanyi sun daɗe da gane haka, domin a Rasha da tsakiyar Asiya har yau ana rataya darduma a bango kusa da gado. Aikin ba ya buƙatar gwani: a fara toshe ƙasan ƙofa da gefen taga da tsumma, a sa labule mai kauri, a rataya gwado ko zani riɓi biyu a bangon arewa da na gabas inda iska ke bugawa, a bar ɗan rata tsakaninsa da bango. Ɗakin da ba shi da silin a ɗaura masa zani ko buhunan da aka ɗinke a ƙarƙashin kwano, a kuma shimfiɗa tabarma kan daɓen siminti.

Jibiya ta fi wurare da yawa buƙatar wannan. Ambaliyar Yulin 2018 ta ci rayuka sama da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ya karya jarin masu cin abinci a bakin boda. A 2022 mutanen ƙauyen Shimfiɗa da maƙwabtansu sun gudo wa 'yan bindiga suka cika garin, wasu suna kwana a azuzuwan makaranta. Magidancin da ke cikin wannan hali ba zai sayi silin ko na'urar ɗumama ɗaki ba, gawayin ma kullum tsada yake ƙarawa, amma da wuya a rasa tsohuwar tufa a gidansa, ko gwanjo mai araha a kasuwa.

Za a ce tufa a bango makamashin gobara ce. Gaskiya ne, musamman da hunturu da komai ya bushe. Amma amfanin rataya ta shi ne a daina shigar da wuta ɗakin kwana gaba ɗaya, kuma a nisanta ta daga fitilar kananzir, maganin sauro da wayar lantarki. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci, don haka ko an toshe kafofi dole a bar wata 'yar kafa ta shan iska. Wasu za su kawo batun ƙura da kuɗin cizo. Maganinsu a sauke kayan duk mako a kakkaɓe a shanya a rana, a kwashe su da zarar bazara ta shigo, tun kafin damina ta kawo laima. Mata kuma ba a ce su fito da atamfar lefe ba, abin da aka daina sawa ake nufi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne wannan faci ne, kuma yana iya sa hukuma ta naɗe hannu. Ban musa ba: zani ba zai maye gurbin gida mai kyau ba, kuma haƙƙin 'yan gudun hijira yana wuyan gwamnati. Sai dai da babu gara ba daɗi, kuma yaron da ke tari yau ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba. Ya kamata ma'aikatan asibiti su faɗa wa mata wannan a ranar awo da rigakafi, limamai su ambata a huɗuba, masu unguwanni su tara tufafin da aka ajiye su kai wa waɗanda suka baro ƙauyukansu hannu rabbana. A fara tun Nuwamba, kafin jaura ta kama.