Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tsirrai Biyu na Bakin Tafki

A gefen wasu tafkunan Birtaniya da Ayalan akwai ƙananan tsirrai biyu 'yan gida ɗaya: Elatine hexandra da Elatine hydropiper. Dukansu shekara guda suke rayuwa, suna shimfiɗe a kan laka ko ƙarƙashin ruwa mara zurfi, ganyensu bai kai faɗin farce ba. Mai wucewa zai rantse abu ɗaya ne. A ganina, wahalar da masana tsirrai ke sha wajen rarrabe su ta cancanci a sha ta.

Bambancin yana cikin fure da iri. Furen hexandra yana tsaye kan ɗan siririn kara, da kunnuwa 3 da zaren namiji 6 masu ɗauke da garin barbara. Na hydropiper, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, kusan manne yake da jikin tsiron, da kunnuwa 4 da zare 8. Irin na farko kusan miƙaƙƙe ne, na biyun kuwa a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Ganye ba shaida ba ne a nan, domin siffarsa tana sauyawa gwargwadon yadda ruwa ya rufe tsiron ko ya janye. Dole mutum ya durƙusa da gilashin ƙara girma ya ƙirga.

Wani zai ce: mene ne ribar ƙirga zaren furen da ido ba ya ko gani sosai? Ribar ita ce, hydropiper ya fi ɗan'uwansa ƙaranci a waɗannan ƙasashe. Idan aka haɗa su a rajista ɗaya, yawan hexandra zai lulluɓe ƙarancin hydropiper, har ya ƙare a wani tafki takarda tana nuna lafiya lau.

Kuma hanyar ƙarewar a buɗe take. Irinsu yakan kwanta cikin laka shekaru, sai ruwa ya ja baya a shekarar fari su tsiro da yawa, su zubar da sabon iri. Madatsar da aka hana ruwanta sauka, ko tafkin da takin gonaki ya gurɓata, yana toshe musu wannan dama.

Saboda haka duk hukumar da za ta yanke shawara kan ruwan tafki, ta fara tura wanda ya iya ƙirga 6 da 8. Abin da ba a tantance ba, ranar da ya ɓace ba wanda zai yi cigiyarsa.